Mijin Uwani Yana Neman Aiki

"Ina wuni, Malam Ado. Ke kuma tsohuwa, ashe kina nan? Na ɗauka zan tarar ana rabon gado."

"Gadon wa za ka ci, mijin da ko sabulu bai taɓa sayo min ba? Matsa daga gaban tukunya."

Sagir ke nan da kakarsa Uwani, mai sayar da shinkafa da wake a bakin ƙofar kamfaninmu na roba a Sharada. Shekarata goma sha tara a sashen gyaran wuta, kuma a nan na tarar da ita. Hutun sha biyu ne, ina kan bencinta da kwanona. Shi kuma ya taso daga Dorayi da fayil a hammata, shekara uku da gama difloma, ba aiki.

Na san abin da ya kawo shi. Ɗaya daga cikinmu ya koma Damagaram, manaja ya ce in kawo suna ɗaya kafin safiya. A wurinmu ba a kiran kowa intabiyu sai wani na ciki ya tsaya masa, kuma ana rubuta sunan mai kawowa a ƙarƙashin na wanda ya kawo. Na ƙarshe da na kawo, kawunsa ya yabe shi har na gaji da ji. Sati biyu ya ƙona mana inji ya ɓace, ni na tsaya gaban manaja. Tun ranar na ce na daina. Uwani ta san da wannan, kamar yadda ta san da gurbin tun kafin ni.

Sagir bai dube ni ba. Ya zauna ya shiga cika baki, wai babu kamfanin da bai ajiye takardunsa ba daga Bompai har Challawa, wai wani manaja ya riƙe hannunsa ya ƙi saki, wai yanzu a waya ake neman aiki, ba a gindin tukunyar tsofaffi ba. Da ya samu kuma sabuwar amarya zai yi, mai haƙora.

Uwani ta sa hannu ƙarƙashin tebur ta zaro wata takarda duk mai. Ga hotonsa a sama, da taye a wuya. Masu gadin kamfanin ne ke tara mata takardun neman aiki da aka jibge musu, ita kuma ta yi ƙunshi da su.

"Jiya da fuskar nan na ƙunshe wa wani direba kifi. Ya dawo min da shi, wai ya fasa ci."

"Kishi ne. Kin ga na yi kyau."

"Kyau? Kamar an shaƙe akuya."

Ya yi dariya, amma ya daɗe yana kallon takardar kafin ya ninke ta.

Sai ta juyo kaina. Ban taɓa jin Uwani ta yabi jikanta ba, kuma ranar ma ba ta yi ba. Ƙara ta kawo. Ta ce in gaya mata inda ake mayar da miji irin wannan. Ranar Sallah kowa na gidan kakarsa, shi yana cikin silin ɗin maƙwabta yana jan wayar wuta. In ya ce mata zai zo bakwai, bakwai saura yake buga ƙofa ya hana ta sakewa. Ga firizarta ta zoɓo, masu gyara uku sun gwada sun ce ta mutu, shi ya zo ya tare a shagon kwana biyu. Ta ce ya ɗaura waya kamar kowa ya tafi, ya ƙi. Da ya gama ya share wurin, ya zubar mata da ledojin da take tarawa.

"Ledojin sun girme ni," in ji Sagir. "Ɗaya har gaishe ni ta yi."

"Ta fi ka tarbiyya ke nan."

Na ajiye cokali. Satin nan na lura zoɓon ya dawo da sanyi, ban tambaya ba. Na tashi na zagaya bayan firizar na tsuguna. An sauya wayar gaba ɗaya, kowane haɗi a naɗe tsaf, babu tsirara ko ɗaya. Har wayar da ake binnewa a ƙasa don kada ƙarfen ya ja mutum ya sa mata, a shagon langa-langa, inda babu wanda zai taɓa dubawa.

Na tambaye shi me ya kashe ta. Ya faɗa min a taƙaice, babu cika bakin ɗazu. Na sake jefa masa tambaya ta biyu, mai wuya. Ya ce wannan bai sani ba. A shekara goma sha tara, masu neman aikin da suka taɓa gaya min haka ba su kai uku ba.

Jiniyar komawa aiki ta kaɗa. Na ce masa ya zo Alhamis, ƙarfe takwas, ya faɗa a ƙofa cewa ni na turo shi. Na ce ya taho da kayan aikinsa, ya bar tayen a gida. Na kuma gaya masa sunana zai kasance a ƙarƙashin nasa, kuma ba ni da wani sunan bayan wannan.

"Ba zan ba ku kunya ba, Malam."

Na ce ya riƙe maganar, Alhamis zan gani.

Uwani ba ta yi min godiya ba. Ta ce in ya ɓata min suna in dawo mata da shi, dama tana neman mai wanke-wanke.

Sagir ya ɗaga hannu biyu. "Na sallama, uwargida. Kin fi waya."

"Amaryar mai haƙora fa?"

"An fasa. Wa zai saki matar da ta san manya?"

Ta yi dariya har da tari, ta tsamo kan kifin da take ɓoyewa a ƙasan miya, wanda ko manaja ba ya samu, ta ɗora masa a kan shinkafa.

"Ci. Kada ka faɗi a gaban mutane su ce ba na ciyar da kai."