Gishirin Keana Ya Ci Tsohuwa

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki, Terver Iorwuese na Azuba, makaɗin kibod a wata ƙungiyar kiɗan rok ta nan Lafia, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Tsohuwa, kibod ɗinsa mai zaren kaset, wadda ta cika ranar Talata a shagon Mala mai gyaran rediyo. Ta rasu tana da shekara hamsin da 'yan kai, ta girmi mai ita.

Marigayiyar ba irin na yanzu ba ce. Kowane maɓalli nata yana da zarensa a ciki, in an danna sai zaren ya ja, ya yi sauti na daƙiƙa takwas, ya koma. Mahaifin Terver ne ya saye ta a hannun wani coci, ya naɗi muryar matarsa Seember, uwar Terver, a maɓalli na ƙarshe tana rera "aaa". Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar Seember, kuma muryarta babu ita a ko'ina sai a wannan zaren. Mwuese ƙanwar Terver ta sha roƙonsa ya bari ta ɗauka a waya, ya ce muryar uwa ba ta zama wuri ɗaya da hotunan banza.

An shaidi Tsohuwa da son jiki. Sai maza huɗu ke ɗaga ta. Ba ta shiga but ɗin mota, sai kujerar tsakiya kan katifa, Terver na rungume da ita yana yi wa direba faɗa a kowane rami, mai ganga kuwa ya tsuguna kan lasifika. In wuta ta yi ƙasa sai ta ja "wuuu" kamar saniya mai mura. Amma ran da ta ga dama, fili kan yi tsit.

Ciwon ajali ya same ta a daminar bana, a zagayen wasa na garuruwan Awe da Keana. Terver ya tsorata da danshi. Da aka yi musu kyautar gishiri a Keana, sai ya tuna gishiri na shanye danshi, ya buɗe bayanta ya jera ƙulli shida, ya rufe, bai gaya wa kowa ba. Gishiri kuwa ya sha ya ƙoshi, ya narke, ya bi ƙarfe da zare. Bayan sati uku ta fara tari, "ƙirr, ƙirr", daga nan ta yi shiru. Mala ya buɗe ta, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Oga Terver, wane ne ya dafa miya a cikin wannan abu?" Terver ya ce shi ne, ya zauna a benci ya yi ta kuka.

Ta bar jita biyu, katifa ɗaya, da mawaƙan da bayansu ya huta amma ba su da fuskar faɗa.

Mala ya ceto kamu ɗaya na zaren Seember. Ya ce zai bi na'ura sau ɗaya tak, sannan ya farfashe. Za a saurare shi ranar Asabar da ƙarfe huɗu na yamma a tsakar gidan Terver, kafin a miƙa gawar ga 'yan gwangwan. Ana roƙon maƙwabta su kashe injin niƙa, a riƙe yara, mai tari ya yi tarinsa tun daga waje. Kowa ya kashe wayarsa, ban da Mwuese. Yayanta da kansa ya je gidanta ya roƙe ta ta zo da ita cike da caji.