Sarkin Noman Filin Tamaula

Ba zan taɓa mantawa da daminar da na tara wa ƙungiyarmu ta tamaula 'yan kallo ba, ko da yake na shafe shekaru ina ƙoƙarin mantawa. Jikokina sun san ni a matsayin tsohon da ke sa a sake share tsakar gida saboda kara ɗaya da aka bari. To, su karanta wannan, su san cewa kakansu ma an taɓa yi masa dariya, kuma dariya mai dalili.

A lokacin ana cikin shimfiɗa layin dogo zuwa Gusau, ni kuwa saurayi ne, akawu a wani kamfanin sayen auduga a nan Gusau ɗin. Tun ina ƙarami na tashi a hannun Turawan mishan, can wajen Zariya, inda aka koya mini zuwa a kan lokaci da jan layi miƙaƙƙe, aka kuma bar ni da zaton cewa abin da ba ya cikin littafi bai kai a san shi ba. Gona kuwa daga nesa nake hango ta, kamar yadda ake hango dutse.

Mu akawuna da masu awo da masinjoji muka haɗa ƙungiya. Ƙarama ce ƙwarai, manyan ƙungiyoyin Zariya ba su ma san da mu a duniya ba. Ni ne magatakarda, ni ne kuma mai busa usur (babu wanda ya zaɓe ni, amma babu wanda ya yi ƙarfin halin hana ni). Filinmu aro ne daga wani dattijo manomi, Baba Nomau, a bayan gari, wajen da yanzu ake kira Tudun Wada. Muna da ƙwallo, muna da sandunan gola, muna da dokoki da na rubuta da hannuna. Abin da ba mu da shi su ne 'yan kallo. Masu zuwa kullum ba fashi jakuna ne guda biyu na wani mai itace, su ma ciyawa ke kawo su.

Da ruwan farko ya sauka, ma'aikatan layin dogo da ke sansani a Tsafe suka aiko cewa za su zo mu kara. A makon ne Baba Nomau ya tare ni a bakin filin.

"Malam Akawu," in ji shi, "na ba ku hilin ga don an ce mini wasa ne mai tara jama'a. To, ina jama'ar? Ƙarti gemai-gemai suna bin fata guda, ba mai kallo sai jakkai. Ruwa ya sauka. In baƙinku sunka zo ban ga taro ba, dawa zan shuka."

Na ce masa, "Baba, za ka ga taron da ba ka taɓa gani ba." (Allah Ya san wannan alkawari na cika shi.)

Na zauna na yi nazari, irin wanda aka koya mana, dalili bayan dalili. Na lura cewa mutanen ƙasar nan ba su zuwa wurin da babu kiɗa, don haka a nemo makaɗi. Na lura cewa mai yunwa ba ya tsayawa kallo, don haka a dama fura da yawa, a sayo goro. Sannan na kawo dabarar da na fi alfahari da ita: tun da mutane na raina tamaula suna cewa wasan yara ce, to kada a ambaci sunanta a shela. A bar su su zo tukuna, in sun gani da idonsu za su so ta. Na tura mai shela kasuwa da waɗannan kalmomi, ba ƙari ba ragi: Malam Akawu yana gayyatar duk wani namiji mai jini a jika zuwa filin Baba Nomau ranar Asabar, akwai kiɗa, akwai fura, akwai goro.

Mai tsaron golarmu, Garba Dogo, shi kaɗai ne ɗan ƙasa a cikinmu, mutumin Bungudu. Shi na sa ya nemo mini makaɗin da gangarsa ta fi kowace kai wa nesa, ya kawo wani mai suna Jatau. Da na gaya wa Jatau ya fara kiɗa tun da hantsi don labari ya bazu kafin la'asar, sai Garba ya soshi ƙeya.

"Malam, kiɗa da hura, da sahe, cikin damina haka..."

"Garba, na nemi shawararka?"

"A'a, Malam."

"To, ka kula da golarka."

Ya kula da golarsa.

Ranar Juma'a da yamma na ja igiya, na zuba toka a iyakar filin, layi huɗu da ko a makaranta sai an ba ni yabo a kansu. Na tumɓuke sandunan gola na kai gida don a goge su a shafa musu farar ƙasa. Wato, da hannuna na cire abu ɗaya tak da zai nuna wa baƙo cewa wurin ba gona ba ne.

Ranar Asabar ina ofis ina jin gangar Jatau tana tashi. Ta taga na hango maza suna wucewa ayari-ayari, daga gari da ƙauyukan hanyar Bungudu, kowa da abu a kafaɗa. Na ga galma, ban ce ban gani ba. Amma sai na ce a raina, manomi da galmarsa ai kamar ni ne da alƙalamina, ba ya rabuwa da ita. Har na ji tausayin sauran akawuna, waɗanda Allah bai ba su irin tunanina ba.

Bayan azahar na yi wanka, na sa farin gajeren wando mai guga, da farar riga, da doguwar safa har gwiwa, na rataya usur. Na tari baƙinmu na Tsafe a bakin gari, na jagorance su, 'yan wasanmu na biye ɗauke da sandunan gola. Ina tafe ina yi wa shugaban baƙin bayani kan yadda ake tara jama'a da ilimi.

Muka karya kwana, sai ga taro. Ban taɓa ganin irinsa ba. Maza tuɓe, gumi na zuba, sun jeru kafaɗa da kafaɗa, galmuna na tashi suna sauka tare da bugun ganga. Jatau na bin bayansu yana kiran sunayensu da na iyayensu, mata a gefe da ƙoren fura suna guɗa. Filina kuwa, daga layin toka na gabas har kusan na yamma, an huɗe shi tas, kuyya na bin kuyya, ko taki ɗaya ba su ƙetare iyakar da na ja musu ba.

A nan ne na koyi abin da duk yaron ƙauye ya sani tun yana goye. In mutum ya kira maza majiya ƙarfi zuwa fili a farkon damina, ya ajiye fura da goro, ya kuma sa a buga gangar noma, to gayya ya kira. Jatau makaɗin noma ne. Abin da ya sani ya buga, su kuma abin da suka ji suka amsa.

Na sa usur a baki na busa da duk ƙarfina don a tsaya. Jatau ya waiwayo, ya ga mai gayya ya iso cikin fararen kaya, sai ya sauya kiɗa ya taso mini.

"Ga mai hili ya iso! Akawu na Bature, mai hura ba awo! Sarkin Noma, a ba ka galma!"

Mata suka ƙara guɗa. Ashe sun bar kuyya ta ƙarshe don mai gayya ya rufe aiki da hannunsa. Wani ƙato ya danƙa mini galma, jama'a suka buɗe mini hanya. Na dubi Garba, ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Na dubi shugaban baƙin Tsafe, ya ce, "Bismillah, Malam. Mu ma mu ga ilimin."

Da na yi magana a lokacin, da abin ya zo da sauƙi. Amma girman kai ya ce mini ai jan layi ne, kuma wa ya fi ni jan layi? Na duƙa na fara. Galmar ta ƙi shiga ƙasa, da ta shiga ta ƙi fita. Kuyyata ta tashi ta nufi kudu, ta yi shawara ta dawo arewa, ta hau ta maƙwabciyarta. Ban kai tsakiya ba na ja da ƙarfi, galma ta kuɓuce, na zauna daɓas a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa da farin wandona, usur na lilo a wuyana. Ganga ta yi shiru. Sai wata tsohuwa ta ce, da murya mai tausayi, wadda ta fi zagi ciwo:

"Wayyo, ɗan nan. Shi ya sa ya kira gayya."

Daga nan wuri ya kece. Akwai waɗanda suka kwanta a kan kuyyoyi don dariya.

Garba ne ya hau tudu ya bayyana wa jama'a abin da aka kira su su gani. Aka sake sabuwar dariya. Baba Nomau ya iso yana share hawaye da gefen rawaninsa, ya dubi gonarsa da aka huɗe masa ba tare da ya dama ko ludayin fura ba.

"Malam Akawu, ka cika alkawari, na ga taro. Amma wanga hili ya zama gona, ba ni iya ɓata aikin mutane." Ya nuna wani fako a bayan tsamiya, inda ko ciyawa ba ta fita. "Ga wancan, na ba ku har abada. Ko kun kira gayya, galma ba ta kama shi."

A kan fakon nan muka kafa sanduna muka buga wasa, babu layi ko ɗaya, ni kuwa ina busa usur da tambarin laka a bayana. Ba wanda ya tafi gida. Sun sha fura, sun ci goro, kuma suna son su ga me wannan bawan Allah zai sake yi. Jatau ya koma bayan golar Garba yana yi masa kirari duk lokacin da ya cafke ƙwallo. Kafin a tashi, manoman da ba su san dokar wasa ko ɗaya ba sun rabu biyu suna musu kan wata ƙwallo da aka tare, ko hannu ne ko ba hannu ba. Mutanen Tsafe suka ci mu, amma sun tafi suna cewa ba su taɓa wasa a gaban jama'a irin wannan ba.

Daga ranar ba mu sake rasa 'yan kallo ba. Da farko ni suke zuwa gani. Ina shiga fili za a ɗauka, "Sarkin Noma! Ina galma?" Na yi fushi, na yi barazanar dakatar da wasa, abin ya ƙara musu daɗi. Sannu a hankali suka san sunayen 'yan wasa, suka fara kiran ƙungiyar tasu. Da kaka ta yi, Baba Nomau ya aiko mini da damin dawa, ya ce a gaya mini daga kuyyata aka yanko shi, ita ce mai lanƙwasa, ba ta ɓata.

Matasa masu ƙananan ƙungiyoyi kan zo yanzu su tambaye ni yadda za su cika fili. Nakan ce musu su ciyar da mutane, su kira makaɗi, su faɗi gaskiyar abin da za a yi, kuma in ɗan gari ya soshi ƙeya ya ce "Malam," su bar shi ya ƙarasa maganarsa. In duk wannan bai yi ba, to a samo mutum ɗaya mai ji da kansa, a sa masa farin wando.