Tulun Zumuntar Mata

Ƙarfe huɗu na yammacin Asabar aka ba ni makullin ɗakin da muke sujada a East Greensboro, can ƙasar waje inda nake karatu. Tun farkon makon Fasto ya yi wa'azi kan baye-bayen Ruhu, ni kuma na yanke cewa tawa baiwar ita ce hidima a ɓoye. Na share, na jera kujeru. A lungu na tarar da wani tulu, ba komai ciki. Na huda gindinsa yadda littafin lambu ya ce, na zuba ƙasa, na dasa fure, na ajiye gaban bagade.

Ran Lahadi zumuntar mata suka tashi waƙa, babu abin kiɗa. Ashe tulun ne gangarsu. Shugabarsu, Mama Rifkatu, a cinya ta riƙo shi cikin jirgi tun daga gida. Ni da na girma a bencin baya, kai cikin littafi, ban taɓa duba me suke bugawa ba.

Har na gama digiri "Mai Lambu" suke kirana. Da na yi ƙarfin halin tambayar Mama ko ta yafe, sai ta ce, "Na yafe, 'yata. Baiwarki karatu ce. Ki riƙa riƙe littafin da hannu biyu."