Matashi Aka Aika, Takalmi Ya Dawo

"Lafiya lau, Amarya. Shigo a hankali, kar ki tashi agogunan, barci suke."

Hantsi ya zuro ta taga ya kwanta a kan teburin aiki. Agogo goma sha ɗaya a bango, kowanne da nasa lokacin. Tsohon mai gyaransu yana kishingiɗe a kujera. Shi kaɗai yake zaune a saman benen nan tun rasuwar matarsa. Jikarsa, ma'aikaciyar jinya, ta dire masa kwali a cinya.

"Ga aikenka, Ango."

"Matashin kujera na ce. Wannan ai takalmin 'yan gudu ne."

"Matashi ya ƙare a kasuwa. Ragwayen tsofaffi sun saye."

"Wa ye rago? Ni da na yi tsere da jirgin ƙasa, na isa har na sha shayi kafin ya iso?"

"Ranar jirgin ya lalace. Yaushe rabonka da sauka ƙasa?"

"Yanzu na dawo." Ya lumshe ido. "Ta tagar nan na bi, sakayau kamar auduga. Na wuce rufin maƙwabta har bakin kogi. Kakarki na can tana shanya mayafi a kan gajimare."

"Me ta ce?"

"Wai na rame."

"Ta yi gaskiya. Ƙwan da na kawo maka sun kusa ƙyanƙyashewa. Shayi da burodi ba sa gina cinya, Tsoho."

"Da tsohuwar zuma ake magani, yarinya."

"In ba ta daskare a kwalba ba." Ta rage murya. "Baba ya ce in ba ka iya tashi daga kujera sau biyar ba dafawa, ranar Asabar zai zo da mota ya mai da kai gidansa."

Tsohon ya dubi teburin, ya dubi ƙugiyar da ke bayan ƙofa, inda matarsa take rataye jaka.

"Ɗan da na haifa zai kwashe ni kamar kayan wanki?"

"Zomo ba ya kamuwa daga zaune. Harɗe hannu a ƙirji. Tashi!"

Ya tashi, ya zauna. A na uku da ƙyar ya miƙe. Bayan na huɗu ya kama teburi yana haki.

"Biyar!"

"Huɗu."

"Na farkon a mafarki na yi shi, ba ki nan."

Ba ta yi dariya ba sai da ta durƙusa tana ɗaure masa igiyar takalmi. "Yau Talata. Kullum safe mu yi, mu sauka mu zaga, ka ci ƙwai biyu. Sannu ba ta hana zuwa."

Suka sauka, hannunsa ɗaya a ƙarfen bene, ɗaya a kafaɗarta, yana cewa shi ne ke riƙe da ita. A bakin titi iska ta cika masa riga. Ya tsaya yana kallon inuwar bishiya tana lilo a kan kwalta, kamar bai taɓa ganinta ba.

Mai lemo ya ɗago. "Baba! Na zaci ka yi tafiya."

"Wannan muguwar ce ta hana." Ya zaɓi lemo mafi ƙanƙanta, ya miƙa mata yana dariya har da tari. "Kin ci. Ungo sadakinki. Gobe ki zo da wuri."