Tsakar da na ɓoye a majalisin Umma

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kwanta rub da ciki a gaban uwar saurayina saboda tsaka ba. E, tsaka. Ku gama dariyar, ina jira.

Ba irin ta bangon banɗaki ba ce (haka na riƙa faɗa wa kaina). A waya na fara ganinta, jaririya, ba ta wuce ɗan yatsana ba, ga tsiro a saman idanunta kamar gashin ido na kanti. Na je na saya. Mai shagon ya tsare ni da bayani kamar marainiya zai ba ni riƙo: a dama garin abincinta da ruwa, kar ya yi kauri, kar ya tsinke, a fesa mata ruwa kullum da yamma, kar a tsorata ta don in ta yar da wutsiya ba ta sake fitowa. Babban abin kuma, zafi yana kashe ta. A Jidda fa. Na ce halas, shi ke nan, na ji, na sa mata suna Sukkar.

Na'urar sanyin ɗakina ta fi ni lalaci. Wuri ɗaya ne mai sanyi a gidanmu na unguwar Sharafiyya, majalisin baƙi, don haka na ɓoye akwatin gilashinta a bayan labule. Da yake ni gwanar dabara ce, na ga ba kwanon abincin da ya yi daidai da cikinta kamar finjalan gahawar Umma masu bakin zinare. In ɗaya ya ɓaci sai in mayar in ɗauko wani (ina wankewa mana, yawanci).

Ranar da Khala Zainab, mahaifiyar saurayina Faisal, ta zo ganina da ƙannenta biyu, bayan magariba suka iso, daidai lokacin da Sukkar ke farkawa. Ni kuma garin sauri na fesa ruwa na bar murfin akwatin a buɗe. Ina tsaye ina zuba gahawa, kai a sunkuye kamar ban taɓa yi wa kowa tsawa ba.

"Masha Allah, yarinya da natsuwa," in ji Khala.

Ba ta rufe baki ba Sukkar ta yi tsalle daga labule ta sauka a kafaɗarta.

Kun san mutanenmu da tsaka. Ba a tambaya, lada ce ta kawo kanta. Abin da ya cece mu, takalma suna bakin ƙofa. Sai ga manyan mata suna rige-rigen ɗauko silifa, har kakata da ke sallah a zaune saboda ciwon gwiwa, ita ta riga kowa.

Khala ta kakkaɓe ta ƙasa. Na yar da butar gahawa na kife da jikina a kan Sukkar.

"Kar ku taɓa min 'ya. Ko abincinta ba ta ci ba."

Wutsiyar ce kawai ta rage a kan kafet tana mutsu-mutsu, ƙannen Khala suka rufe ta da duka, kowacce tana cewa bugunta ne ya fara samu.

Umma ta yaye labule. Ga akwati, ga finjali da dame a ciki. Khala ta dube shi, ta dubi wanda ta sha ta ajiye.

"Ya binti, wannan nawa, ita ma ta ci a ciki?"

Mai hankali da ta ce a'a. Ni cewa na yi, "Wallahi ban sani ba, Khala, duk kamarsu ɗaya."

Sukkar tana nan, guntuwa, tana ci tana ƙiba. Finjalan Umma gaba ɗaya sun tafi shara. Maganar Faisal ba ta mutu ba, amma duk zuwan da Khala za ta yi gidanmu da kofinta take tahowa a jaka, ta fito da shi a hankali a gaban kowa, ta miƙo min in zuba.

Na dai koyi abu ɗaya: in za ki ajiye abin da duk danginki ke neman lada da shi, ki saya masa kwanonsa, in kuma an tambaye ki, ki ce a'a.