Teburan Tsoho Sun Ƙi Kwamfuta

"...ya gajiya, amaryata? Wannan kira na gaggawa, na ce ko kin gane kurenki za ki dawo ɗakinki ne."

"Wane ɗakin, tsoho? Wanda ke yoyo kamar bakinka? Shigo ka ga aikin hannunka."

Shi tsohon kafinta ne, ita kuwa jikarsa ce, malamar aji biyar. Yara sun tashi, sai su biyu da tebura talatin masu gangaren sama, waɗanda ya ƙera da hannunsa tun uwarta tana 'yar makaranta. Shugaban makarantar ya ba ta laftof ɗaya da tabilet ɗaya ta gwada, ya ce gobe da safe ta faɗi wanda za a kawo wa ɗalibanta.

Ta buɗe laftof ta ɗora a tebur. Sai ga shi yana sulalowa. Tsoho ya yi wuf ya tare shi da gaban rigarsa.

"Innalillahi! Tafiya yake yi?"

"Teburinka ne ya koro shi. Shugaba ya ce in ba su riƙe kwamfuta ba, a fitar da su duka a kawo na roba."

Tsoho ya yi tsaye, baki buɗe. Shekara arba'in ko ƙusa ɗaya ba ta ɗaga ba a jikin teburan nan.

"Na roba? A zubar da katakon da ya girmi shugaban naku? To ki zaɓi wancan marar murfin, mai kama da faranti."

"Yara za su koyi buga rubutu, ba shafa gilashi ba. Amma bari ka gani."

Ta ajiye tabilet. Wannan ko sallama bai yi ba, ya zarce sai bakin tebur, da ƙyar ta cafe shi.

"Kai! Wannan ya fi ki rawar kai," in ji tsoho. "Miƙo shi nan."

Ya kwantar da shi, ya danne da hagu, ya laluba aljihu. Kafin ta ankara ya saita ƙusa a kusurwarsa, guduma na sama.

"Wayyo Allah! Tsoho! Me za ka yi?"

"Huɗu kawai zan buga masa, ya zauna har jikokinki."

Ta fizge abin ta rungume. "Gilashi za ka buga wa ƙusa? Shi ya sa kakata ta ce da guduma ka je neman aurenta!"

"Ta faɗa miki ta gudu? Abin da na kafa ba ya motsi. Ke ce dai kika tsere, don tun kina goyo ba ki da nauyi."

"Ni dai na gama magana. Laftof na zaɓa, teburanka kuwa su tafi inda haƙoranka suka tafi."

Wannan ta shige shi. Ya shafa gefen teburin a hankali. Can ya zaro wani siririn katako daga jakarsa, ya shimfiɗa shi a bakin gangaren, ya buga ƙusa uku, ya cusa jikinsa cikin bencin da ke haɗe da teburin.

"Ɗora mai murfin."

Ta ɗora. Laftof ya sulalo kaɗan, ya ci karo da katakon, ya tsaya cak. Ta danna, ta girgiza teburin, bai gusa ba.

"Ikon Allah! Ashe akwai sauran ƙwaƙwalwa ƙarƙashin hular nan. Talatin ɗin kwana nawa?"

"Uku. Ki ce wa shugabanku ya riƙe robarsa."

"Zan faɗa masa. Tashi mu tafi."

Tsoho ya yunƙura, teburin ya taso tare da shi. Ya sake yunƙurawa, gwiwa ta ƙi fita.

"La ilaha! Ke, zo ki ciro ni!"

"Wa ya auna bencin?"

"Don yara na auna shi, ja'ira!"

"Ba zan ciro ka ba sai ka ce ni na iya zaɓe."

"Kin iya, kin iya! Mai murfin ya fi!" Dariya ta ci ƙarfinsa har hula ta faɗi. "Ja a hankali, kada ki ɓalla mini tebur."