Hular Alhaji a Gindin Tukunya

Me ya sa ban yi shiru ba ranar nan? Tun da Malam ya rasu nake tambayar kaina, na kasa samun amsa. Abin dai ba zan taɓa mantawa da shi ba, ko da na so.

Malam, maigidana, yana da ɗan dukan, wato shago, a kasuwar Omdurman. Yana ɗinka huluna, yana wanke su, yana kuma goge kwat ɗin ma'aikata da banzin, wato fetur, don ruwa ba ya taɓa su. Hula kuwa in ya wanke ya sa mata sitaci, sai ya kifa ta a kan katako mai siffar kai ta bushe. Kowane kai da nasa katakon.

Ana jibi ɗaurin auren 'yarmu Asma'u, uban ango, Alhaji na unguwar Kalakla, ya aiko da hularsa a wanke. Ba hular banza ba ce. Mahaifinsa ne ya taho da ita daga Kano a ƙafa, kan hanyar Makka. Malam ya zo da ita gida, sai neman kujeru da rumfa ya ɗauke masa hankali. Ni kuma na ce bari in taimaka (ba wanda ya roƙe ni, gara in faɗi gaskiya). Na wanke ta tas, na sa sitaci. Katako yana dukan a kulle. Na duba cikin gida, idona ya faɗa kan tukunyar miya. Na kifa ta, na ja hula na ja har ta shige, na bar ta a rana. Da ta bushe na naɗe ta a takarda, ina jin kaina gwana.

Ranar aure maza suka cika rumfa a ƙofar gidanmu a unguwar Alsawra, mu mata muna leƙe ta bayan katanga. Alhaji ya ƙi naɗa rawani don a ga hular ubansa. Tun zuwansa yake dafe da ita. Da liman ya ce a yi Fatiha, dole ya sake ta ya ɗaga hannu. Yana sunkuyar da kai, hula ta zarce har hanci. Haka ya ƙarasa addu'a, gemu kawai ake gani.

Aka shafa, ya cire ta, ya shinshina, fuskarsa a murtuke.

"Malam, wa ya taɓa hular mahaifina?"

Na ga auren Asma'u zai fara da gaba tsakanin surukai, na ga sunan Malam ya zube a kasuwa.

"Ni ne, Alhaji. Malesh, a yi haƙuri, katakon na kuskure," in ji Malam.

Da na bar shi ya rufa min asiri. Ina! Sai jin muryata na yi ta haye katanga: "Wallahi ba shi ba ne! Ni ce, a gindin tukunyar miya na ɗora ta!"

Can liman ya toshe baki da gefen rawani, kafaɗunsa na rawa. Alhaji ya sake shinshina hular.

"Ashe shi ya sa tun safe nake jin yunwa. Hajiya, a kawo min sauran miyar mana."

Rumfa ta ɗauki dariya, ni kuwa na shige ɗaki na ƙi fitowa har aka kai amarya. Daga ranar na bar wa Malam kawunan mutane, na tsaya a kan cikinsu.

Shekaru suka ja. Ciwo ya cinye min Malam har ya zama kamar kara. Safiyar da zai tafi ya ce in sa masa hularsa. Ina sa masa ta zame ta rufe idonsa. Na fashe da kuka, kamar yadda nake yi yanzu. Ya kama hannuna, yana murmushi a ƙarƙashinta.

"Daina kuka, Ladi. Wannan karon ba ke ba ce, kan ne ya ragu."